Awon gudun ruwa a siririyar magudana: sikeli, waya da madubi, ko na'urar leza?

A watan Afrilun da ya wuce wata ɗaliba da nake duba aikinta ta same ni a ɗakin gwaji da takarda a hannu, ranta a ɓace. Ta saita injin tura sirinji a kan maikrolita 1 (kashi ɗaya cikin dubu na mililita) a minti, ta bar shi awa guda, ta ɗora kwalbar da ruwan ya ɗiga a kan sikeli, sai ta ga bai kai kashi biyu cikin uku na abin da take tsammani ba. Ta ce, "Malam, inji ya ce wani abu, sikeli ya ce wani abu. Wanne ad da gaskiya?" Na ce, "Malama, samu wuri ki zauna. Kafin mu san mai gaskiya sai mun san abin da kike son aunawa." Bayanin da na yi mata ranar shi na faɗaɗa a nan, domin ba ita kaɗai ke wannan tambaya ba, kuma yawancin ɗalibanmu na Sakkwato daga aljihunsu ko na iyayensu kuɗin bincike yake fitowa. Wanda ya sayi kayan da bai dace da tambayarsa ba, da wuya ya samu kuɗin sayen na biyu.

Abin da take aiki da shi ɗan faranti ne na wata roba garai-garai da ake kira PDMS, manne a kan gilashi, duk girmansa bai kai akwatin ashana ba. A cikinsa akwai magudana mai faɗin maikromita 100, zurfi 50, tsawo santimita 2. Maikromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, ke nan faɗin magudanar kusan kaurin silin gashi ne. Da waɗannan alƙaluma zan yi duk lissafin da ke tafe, kowa sai ya sauya su da na tasa magudanar.

Ruwa a irin wannan matsatsi ba ya tafiyar gulbi. Wanda ya taɓa tsayawa kan gadar Kwalkwalawa da damina ya kalli Rima ya ga yadda ruwa ke murɗawa, yana juya kara da ciyawa, yana dama laka. A siririyar magudana babu wannan. Kaurin ruwan ya fi ƙarfin gudunsa, sai ya tafi sahu-sahu, kowane sahu na bin layinsa ba ya shiga na maƙwabcinsa. Osborne Reynolds ya nuna haka a birnin Mancesta na Ingila a 1883, da ya saki rini a tsakiyar bututun gilashi: in ruwa na tafiya a hankali rinin ya miƙe kamar zare, in gudu ya ƙaru ya watse. Lambar da ake kira da sunansa, wadda ke gwada ƙarfin gudu da kaurin ruwa, sai ta haura wajen 2000 kafin ruwa ya hargitse a bututu. A magudanar ɗalibata lambar 0.2 ce.

Wannan ladabi na ruwa shi ya ba da damar matse ruwa da ruwa. Ana yi wa magudana ƙofofi uku. Samfur, ko jini ne ko rini, ya shigo ta tsakiya, ruwan rakiya ya shigo ta dama da hagu. Tunda ba sa cakuɗuwa, 'yan rakiyan sai su matsa samfurin ya tsuke ya zama zare, kuma gwargwadon yadda aka ƙara musu yawa gwargwadon yadda zaren ke sirancewa. Likita Crosland-Taylor ya kawo wannan dabara a 1953 a Ingila don ƙirga jajayen ƙwayoyin jini, su riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an tura su ramin da zai toshe ba. Har yau a kanta injinan ƙirga ƙwayoyin garkuwar jiki na CD4 suke aiki, haka ma da yawa daga cikin injinan ƙidayar jini na asibitoci. A 1998 masu bincike a jami'ar Princeton ta Amurka sun matse zaren ruwa har ya kai nanomita 50, wato kashi ɗaya cikin ashirin na maikromita.

Abu na ƙarshe kafin a shiga zaɓi, kuma a nan ɗalibai suka fi tuntuɓe: gudun ruwa a magudana ba ɗaya ba ne. Na jikin bango tsaye yake cik, na tsakiya ya fi kowa sauri. Duk manomin fadama ya san karan da ya jefa tsakiyar kwata yana riga na gefe isa. Likitan Faransa Poiseuille ya yi awon wannan a siraran bututai a shekarun 1840 saboda yana son fahimtar tafiyar jini. A zagayayyen bututu gudun tsakiya ninki biyu ne na matsakaici. A magudana mai faɗi sosai marar zurfi, ninki ɗaya da rabi. A tamu mai 100 da 50, kusan ninki biyu. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: maikrolita 1 a minti, in aka raba da girman bakin magudanar, ya ba da matsakaicin gudu na milimita 3.3 a sakan, tsakiya kuma wajen 6.6.

Tambayoyi biyu ke nan mabambanta. Ruwa nawa ke wucewa a minti? Da wane gudu ƙwaya ke tafiya a wuri kaza? Wasu kayan awo ta farko kawai suke amsawa, wasu ta biyu.

Sai dai awo ba ya yiwuwa a kan ruwan da bai natsu ba, don haka zaɓin farko na abin da zai tura ruwan ne. Injin tura sirinji shi kowa ke fara nema, kuma da dalili. Ɗan inji ne ke juya dogon sukuru, sukurun na tura sirinji a hankali, ba ruwansa da zafi ko sanyi ko kaurin abin da ke ciki. Amma injin bai san ruwa ba, nisan da ya tura kawai ya sani. Kai za ka gaya masa faɗin cikin sirinjin, shi kuma ya yi lissafi. Sirinjin da muke saya a kemis ba duka faɗinsu ɗaya ba ko da an rubuta musu mililita ɗaya, kuma kuskuren kashi 5 cikin ɗari a faɗi yana zama kashi 10 a yawan ruwa. Na biyu, tafiyarsa taki-taki ce. In aka sa babban sirinji aka nemi ɗan ruwa kaɗan, tsakanin taki da taki akwai jira, kuma za ka ga zaren da ka matse yana kumbura yana tsukewa kamar mai numfashi. Maganinsa ƙaramin sirinji, in da hali na gilashi. Na uku shi ya fi cin mutane: tiyo mai laushi da kumfar iska. Idan inji ya fara turawa, ruwan farko ba magudana yake shiga ba, tiyon yake buɗawa yana danne kumfar, kuma wannan na iya cin mintuna masu yawa kafin gudu ya daidaita. Ga batun wuta, wanda ba sai na yi dogon bayani ba. In ta ɗauke a tsakiyar gwaji, daga farko za a sake, sai dai in akwai inbata. A tuna kuma matse ruwa na bukatar aƙalla inji biyu, ɗaya na samfur ɗaya na 'yan rakiya.

Kishiyarsa ita ce rataya, irin ta ledar ƙarin ruwa a asibiti. A cire sandar turawa daga babban sirinji, a ɗaure gangar jikin a kan sandar gwaji kusa da rula, a cika ta, nauyin ruwan ya yi aikin. A magudanarmu, tazarar santimita 5 tsakanin saman ruwan da mafita ta isa ta ba da wajen maikrolita 1 a minti idan ɗaki na kan digiri 20. Babu taki-taki, babu wuta, babu kuɗi. Zaren da rataya ta matse yana tsayawa shiru kamar an zana shi da biro, kuma ban taɓa ganin injin sirinji mai araha da ya kai ta natsuwa ba. Raguwar ruwan cikin ganga ba abin damuwa ba ne in gangar na da faɗi: mai faɗin santimita 2 ba ta sauka fiye da kashi ɗaya cikin biyar na milimita a awa.

Raunin rataya a garinmu zafi ne. Ruwa na tsinkewa in ya ɗumama. In aka ɗauki kaurinsa a digiri 20 a matsayin 100, a digiri 30 ya koma 80, a digiri 40 ya koma 65. Wato tazarar da ta ba ka maikrolita 1 da safiyar hunturu za ta ba ka ɗaya da rabi da azahar ɗin Afrilu a ɗakin da babu na'urar sanyaya iska, kuma kowa ya san Sakkwato na haura digiri 40 a bazara. Kowane digiri ɗaya na ƙara gudu da wajen kashi 2 cikin ɗari. Fitilar madubin likita ma na ɗumama farantin. Haka kuma in ƙura ta shiga ta toshe gefen magudana, gudu zai ragu ba tare da sanarwa ba. Amma akwai sassauci ga mai matse ruwa: faɗin zare ya dogara ne ga rabon samfur da 'yan rakiya, kuma in dukkansu ruwa ne a ɗaki ɗaya, tare suke tsinkewa, rabon ba ya motsi. Akwai kuma na'urorin daidaita matsin iska, irin na kamfanonin Fluigent da Elveflow na Faransa, waɗanda suka haɗa natsuwar rataya da saurin juyi, sai dai kuɗinsu na ma'aikata ne, ba na ɗalibi ba.

Yanzu awon kansa. Sikeli shi ne alƙali a tambaya ta farko. Maikrolita ɗaya na ruwa miligiram ɗaya ne, awa guda ta ba da miligiram 60, kuma sikelin ɗakin gwaji mai karanta kashi ɗaya cikin goma na miligiram zai auna wannan da kyau. Ba ya bukatar a yarda da kowace na'ura. Abokin gabarsa shi ne busasshiyar iskarmu. Daga Nuwamba zuwa Afrilu, buɗaɗɗiyar kwalba na iya rasa ruwa da saurin da ya kusa wanda kake zuba mata. Da na sa ɗalibata ta ajiye wata kwalbar mai ruwa a kan sikeli ba tare da an ɗiga mata komai ba, a gabanmu lambar ta riƙa sauka. Rabin amsar tambayarta ke nan, ragowar rabin kuma kumfar iska ce da muka gano a wuyan sirinji. Gyaran ba wuya: kwalba mai ƙaramin baki, ɗan mai a saman ruwan ya rufe shi, bakin tiyo ya nutse a ƙarƙashin man, sannan kwalbar shaida a gefe don a san abin da iska ta sha. Nutsar da bakin tiyo na da wani amfanin, domin ɗigon da ke rataye a baki yana danne ruwan da ke baya, kuma a rataya mai santimita 5 wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wanda ba shi da irin wannan sikeli, bututun PCV, siririn bututun gilashi na awon yawan jini, na nan a kowane ɗakin gwajin jini. Tsawonsa milimita 75, kuma kowace milimita na ɗaukar kusan maikrolita ɗaya. A haɗa shi da mafita, a kwantar da shi a kan rula, a riƙa duba inda kan ruwan ya kai duk minti biyar. A zaɓi mai shuɗin baki, domin mai ja an shafa masa maganin hana jini daskarewa. Da injin sirinji wannan hanya lafiya lau ce. Da rataya kuwa a yi hattara, gilashin na tsotsar ruwa da ƙarfin da ya kai santimita biyu zuwa uku na tazara, sai ya ƙara gudun da kake aunawa.

Akwai ƙananan ma'aunai na lantarki da ake sa wa a kan tiyo, irin na kamfanin Sensirion na Suwizalan. A cikinsu ɗan wuri ne mai ɗumi tsakanin ma'aunan zafi biyu, ruwa in ya wuce ya kwashi ɗumin zuwa gaba, bambancin ya nuna gudu. Suna ba da lamba nan take a kwamfuta, har rawar injin sirinji suna nunawa, abin da sikeli ba zai iya ba. An daidaita su ne da tsabtataccen ruwa, saboda haka jini ko mai sai an sake daidaitawa, kumfa kuma na ruɗa su. Wanda aikinsa ya shafi yadda gudu ke sauyawa sakan bayan sakan, ya cancanci ya saya. Sauran mutane sikeli ya ishe su.

Faɗin zaren da aka matse shi ma ma'auni ne, kyauta. In samfur kashi ɗaya ne cikin goma na duk ruwan, lissafin kai tsaye ya ce zaren zai ci kashi ɗaya cikin goma na faɗi, wato maikromita 10. Haka ne a magudana mai faɗi marar zurfi. A tamu tsakiya ya fi gudu, don haka zaren zai fi sirancewa, ya tsaya wajen 7 da rabi. Ɗalibi ya ga 7 a maimakon 10 ya ɗauka ya yi kuskure, alhali ruwan ne ya yi daidai. Sai kuma naso. Rini na yaɗuwa gefe da kansa ko ba a dama ba, wajen maikromita 30 a sakan guda ga ƙananan sinadarai, saboda haka milimita ɗaya kawai bayan mahaɗar ƙofofin uku gefen zaren ya fara dushewa. A auna shi dab da mahaɗar. Wannan awo rabo kawai yake faɗa, ba ya faɗin gudu.

Tambaya ta biyu, ta gudun ƙwaya, a nan nake son in daɗe, domin a nan ne kayan da ke hannunmu suka fi abin da muke zato. Ana bukatar madubin likita na yau da kullum, waya mai kyamara, maƙalin da zai riƙe ta a bakin madubin kada ta motsa, da ƙwayoyin da za a bi. Ƙwayoyin roba na polistirin masu girman maikromita ɗaya ko biyu su ne na ƙwarai, nauyinsu ya kusa na ruwa. In babu, yis ɗin burodi ya wadatar don koyo: a jiƙa ɗan kaɗan, a tsinka shi sosai har ruwan ya zama kamar ba a sa komai ba. Ƙwayarsa wajen maikromita 5 ce, ana ganinta sarai. Tana nutsewa da fiye da maikromita ɗaya a sakan, wanda ba matsala ba ne a sakan shida da take yi a cikin magudana, amma a ganga da tiyo tana kwantawa, sai an riƙa girgizawa.

Kafin a ɗauki bidiyon komai, a ɗauki hoton gilashin Neubauer na ƙirga jini da madubi ɗaya, waya ɗaya, ba tare da an taɓa zuƙowa ba. Ƙananan murabba'an tsakiyarsa maikromita 50 ne kowane gefe. Shi ne rularka, da shi za ka san ɗigon hoto nawa ne maikromita ɗaya. Bayan nan a ɗauki bidiyon agogon awo da wayar, a ƙirga hotunan da ke cikin sakan goma, domin wayoyi da yawa na rage yawan hoto in haske ya yi ƙasa ba tare da sun faɗa ba.

Ga lissafin da zai gaya maka ko wayarka za ta iya. Bidiyo na yau da kullum hoto 30 ne a sakan. Ƙwayar tsakiya mai gudun milimita 6.6 za ta yi tsallen maikromita 220 tsakanin hoto da hoto. Da gilashin madubi mai ninki 10 ana ganin fili na kusan milimita 2, ke nan za ta bayyana sau takwas ko tara kafin ta fice, kuma in ƙwayoyin ba su yi yawa ba ana iya binta. Da mai ninki 40 sau biyu kawai za ka gan ta, ba ka da tabbacin ita ce. Wayar da ke ɗaukar hoto 240 a sakan ta rage tsallen zuwa maikromita 27, aiki ya yi daɗi. In gudu ya fi ƙarfin wayar, akwai wata dabara: a saita tsawon buɗewar kyamara da hannu, a ce kashi ɗaya cikin 50 na sakan, kowace ƙwaya ta bar jela a hoto. Tsawon jelar a raba da lokacin, gudu ya fito. Manhajojin ImageJ da Tracker kyauta ne, kuma tsohuwar kwamfuta na ɗaukarsu. Roƙona ɗaya: a kwashe bidiyon da igiyar waya, kada a tura shi ta WhatsApp, domin yana matse shi ya lalata abin da ake son aunawa. Bidiyon tafiyar hawainiya kuma, irin mai hoto 240, sau da yawa ana ajiye shi ne kamar mai hoto 30, sai an tuna an ninka.

Na zauna da ɗalibata muka bi ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya a kan allo, tana danna maɓalli hoto na matsawa. Biyu suka shigo tare a layi ɗaya a tsakiyar magudana, ɗaya fes, ɗaya dishi-dishi. Kafin hoto na biyar mai kyan gani ta bar 'yar'uwarta a baya da nisa. Ta ce, "Malam, ai layinsu guda." Layinsu guda in an duba daga sama, amma zurfinsu daban: ɗaya na tsakiyar zurfi, ɗaya na jan ciki kusa da gilashi. Wannan shi ne babban raunin hanyar waya, kuma shi ne raunin matsewa daga gefe biyu. 'Yan rakiya na dama da hagu ba zare na gaskiya suke yi ba, labule suke yi, siriri daga sama amma ya kama daga rufi har ƙasa. Abin yi shi ne a saita madubi a tsakiyar zurfi, a bi ƙwayoyi da yawa, hamsin ko fiye, a riƙe mafi sauri a matsayin gudun tsakiya, a raba biyu a samu matsakaici, sannan a gwada da abin da sikeli ya ce. In sun yi kusa, an samu shaidu biyu da ba su haɗa baki ba. Wanda ke son kowace ƙwaya ta bi gudu ɗaya, kamar mai ƙirga ƙwayoyin jini, dole ruwan rakiya ya kewaye samfur ta kowace fuska. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce siririyar allura a tsakiyar bututun gilashi, samfur ta cikin allura, 'yan rakiya ta kewayenta, kamar yadda injinan asibiti suke.

Na'urar leza da ake kira Maikro-PIV ita ce sarauniyar fannin. Juan Santiago da abokan aikinsa suka fito da ita a Amurka a 1998. Ana zuba ƙwayoyi masu ƙyalli da ba su kai maikromita ba, hasken leza kore ya walƙa sau biyu a jere cikin ƙiftawar da aka san tsawonta, kyamara ta musamman ta ɗauki hoto biyu, kwamfuta ta yanka su gida-gida ta gano nisan da kowane gida ya matsa. Abin da ke fita taswira ce ta kibiyoyi, gudun kowane lungu da inda ya dosa. Tana kama gudun da waya ba za ta gani ba, kuma a mahaɗa ko kwana, inda ruwa ke lanƙwasa, babu mai kama ƙafarta. Kuɗinta dubban daloli ne masu yawa, tana son ɗaki mai sanyi marar ƙura da wuta tsayayya, in ta lalace kuma mai gyara daga nesa zai zo. Ga miƙaƙƙiyar magudana kuwa, taswirar da za ta ba ka lissafin Poiseuille ya riga ya ba ka ita a takarda. Ba na ba ɗalibi shawarar ya gina aikinsa a kanta sai in tambayarsa ta shafi siffar gudu a wuri mai sarƙaƙiya, kuma ya riga ya samu ɗakin gwajin da ya yi masa alkawarin lokaci a rubuce. Tsaka-tsaki akwai: bidiyon waya mai hoto 240 ana iya ba manhajar PIVlab ko OpenPIV ta fitar da taswira, in gudun bai wuce 'yan milimita a sakan ba.

Da ni za a tambaya, ga yadda zan raba. Mai nazarin matse ruwa da faɗin zare ya yi rataya, ya bar injin sirinji, ya auna da waya dab da mahaɗa. Mai bukatar tsayayyen adadi na awoyi, kamar mai ciyar da ƙwayoyin halitta ko mai haɗa magani, ya nemi inji da ƙaramin sirinjin gilashi da tiyo mai tauri da batir, ya jira gudu ya natsu kafin ya fara ƙirga, kuma ya tabbatar da sikeli aƙalla sau ɗaya ga kowane sabon sirinji. Mai aiki da jini ya tuna jini ya fi ruwa kauri sau uku zuwa huɗu, ƙwayoyinsa na kwantawa, saboda haka rabon da ya samu da rini ba zai dawo daidai ba sai ya tsinka jinin sosai da ruwan gishirin asibiti. Kowa kuma ya tace ruwansa, ya rufe gangunansa, ya manna ma'aunin zafi kusa da farantin.

Ɗalibata rataya ta zaɓa. Ta koma yin gwaji bayan sallar asuba, kafin ɗaki ya ɗauki zafi, kuma saman kowane shafi na littafinta yanzu akwai kwanan wata, lokaci da digiri. Awon waya da na sikeli sun matso kusa da juna har ta yarda da su. Makon jiya ta zo da allurar insulin da bututun PCV mai shuɗin baki a cikin leda, tana tambaya da wane gam za ta tsayar da allurar a tsakiya ba tare da ya toshe bakin ba.